Cinikin Babur Ba Dillali

 Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa, ko a zangunan Kumasi da Ankara, ya san cewa babban ciniki ba ya faɗawa sai da dillali. Mai doki ko mai keke ya kan miƙa masa hajarsa, shi kuwa ya nemo mai saye, ya tsaya tsakani ana tayawa ana cewa albarka, har a sallama, sa'an nan ya karɓi la'adarsa. In daga baya aka gane kayan sata ne, ko kuwa an ɓoye wani aibi, to, dillalin za a nema, domin an san gidansu, an kuma san rumfar da ya ke zama. Jawabin yau ya shafi irin cinikin da babu wannan mutum a cikinsa, watau yadda mai babur a ƙasar Birtaniya ya ke sayar da abin hawansa da kansa ta hanyar ƙananan tallace-tallace na intanet, da kuma nauyin da ke hawa kansa sa'ad da ya yi haka.

Ƙananan tallace-tallace ba baƙon abu ba ne a Ingila. Tun a shekarar 1868 aka kafa wata jarida a Landan mai suna Exchange & Mart, wadda ta shahara da buga sanarwar masu son sayarwa da masu son saye. A 1977 kuma aka fara buga mujallar da daga baya ta zama Auto Trader, ta motoci da babura. Mutum ya kan biya kuɗi gwargwadon yawan kalmominsa, ya jira mako ya zagayo, sa'an nan ya zauna kusa da tarho. Zuwan intanet ya rushe wannan tsari. Wani Ba'amurke, Craig Newmark, ya fara Craigslist a birnin San Francisco a 1995, aka buɗe Gumtree a Landan a shekarar 2000, kamfanin Facebook kuma ya buɗe tasa kasuwar a watan Oktoba na 2016. Jaridun takarda ba su iya jure gasar ba. Exchange & Mart ta daina fitowa a takarda a 2009, Auto Trader ta bi sahunta a 2013, duka biyun suka koma intanet. A Afirka ma haka zancen ya ke: an kafa Jiji a Legas a 2014, a 2019 kuwa ta karɓe harkokin OLX a Nijeriya da Gana da waɗansu ƙasashen gabashin nahiyar.

Dalilin da ke sa mutum ya sayar da kansa a fili ya ke. Ɗan kasuwa mai shagon babura ba zai saya ba sai a farashin da zai bar masa riba, bayan ya biya hayar shago da ladan makaniki. Wannan rata da ke tsakanin tayin ɗan kasuwa da abin da mai hawa zai biya, ita ce mai babur ya ke so ta faɗo aljihunsa. Amma kuwa ba a banza ya ke samunta ba, domin duk aikin dillali ya dawo wuyansa. Shi ne zai san farashi, shi ne zai tantance baƙon da ya zo, shi ne kuma zai sa baƙon ya yarda da shi.

Wannan batu na yarda shi ne gishirin zancen. A 1970 wani masanin tattalin arziki a Amurka, George Akerlof, ya buga wata maƙala a kan kasuwar motoci na hannu, wadda tana cikin ayyukan da suka sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001. Abin da ya nuna shi ne, mai sayarwa ya san halin motarsa ciki da waje, mai saye kuwa bai sani ba. Da ya ke mai saye yana tsoron kada a haɗa shi da ruɓaɓɓiya, irin wadda Amurkawa ke wa laƙabi da lemun tsami, sai ya ƙi biyan kuɗin mai kyau, ya taya a tsakatsaki. Mai mota mai lafiya ya ga an yi masa tayin wulaƙanci, sai ya janye hajarsa. Da haka masu kyau su ke raguwa a kasuwa, marasa kyau su yi yawa, farashi ya ƙara faɗuwa. Darasin da ke ciki ga mai babur mai lafiya shi ne, ba zai sami kuɗin da ya cancanta ba sai ya kawo hujjar da mai ruɓaɓɓen babur ba zai iya kawowa ba.

Hujjar nan kuwa galibi takardu ne. Ta farko ita ce takardar rajista da a ke kira V5C, wadda hukumar lasin ta DVLA da ke birnin Swansea ta ke bayarwa. Tana ɗauke da lambar babur, da lambar shasi, da sunan wanda ke riƙe da shi. Mai saye mai hankali zai sunkuya ya gwada lambar da aka buga a jikin ƙarfen da wadda ke cikin takardar, saboda haka ya kyautu mai sayarwa ya riga shi dubawa. Ta biyu ita ce shaidar gwajin lafiya na shekara-shekara, watau MOT, wanda ya wajaba a kan babur da zarar ya cika shekara 3 a Ingila da Wales da Scotland. Sakamakon kowane gwaji yana nan a shafin gwamnati, kowa na iya dubawa kyauta da lambar babur kawai, har da yawan mil ɗin da agogo ya nuna a ranar. Wanda ya murɗa agogo baya, to, ramin ƙarya ƙurarre ne. Bayan waɗannan sai littafin sabis da rasiɗan gareji, na canjin baƙin mai, da taya, da sarƙa, da batir, da kuma makulli na biyu. Tarin tsofaffin rasiɗai a cikin ambulan ya fi dogon rantse-rantse amfani.

Akwai kuma batun bashi. Babura da yawa a Birtaniya a kan saye su ne da sharaɗin biya kaɗan-kaɗan, kuma a irin yarjejeniyar da aka fi yi, babur mallakar kamfanin da ya ba da bashin ne har ranar da aka gama biya. Wanda ya sayar kafin nan ya sayar da abin da ba nasa ba. Tun 1938 akwai kamfanin HPI da ke ajiye bayanin irin waɗannan basussuka, kuma mai saye na iya biyan kuɗi kaɗan a bincika masa. Hanyar da ta dace ita ce mai babur ya nemi kamfanin ya rubuto masa abin da ya saura, ya biya, ya riƙe wasiƙar shaida kafin ya sa talla.

Game da farashi, ba abin da mutum ya kashe wa babur ne ke yanke shi ba. Sabuwar salansa mai tsada ko fenti na ƙawa ba safai su ke dawo da kuɗinsu ba, har ma waɗansu masu saye sun fi son babur yadda ya fito daga masana'anta. Abin yi shi ne a duba irinsa guda goma ko fiye, masu shekaru ɗaya da tafiya kusan ɗaya, a tuna kuma cewa kuɗin da aka rubuta a talla ba shi ne wanda aka sallama ba. Lokaci ma yana da tasiri. Daga watan Maris, sa'ad da sanyi ya fara ja da baya, masu nema su kan yi yawa, a Nuwamba da Disamba kuwa kasuwa ta kan yi sanyi kamar garin. Ƙananan babura masu injin cc 125 ba su cika kwantai ba, domin su ne doka ta yarda ɗan koyo ya hau bayan horon farko da aka wajabta tun 1990, kuma da yawa daga masu kai abinci gida-gida da su su ke aiki. Tsohon babur kuwa yana da wata matsala a Landan. Tun 2019 aka sa harajin hayaƙi a tsakiyar birnin, a watan Agusta na 2023 aka faɗaɗa shi zuwa dukkan unguwanni, kuma babur ɗin da bai kai ma'aunin Euro 3 ba, galibi wanda aka yi wa rajista kafin 2007, sai an biya masa fam 12.50 a duk ranar da aka hau shi. Wannan ya rage wa irin waɗannan babura daraja a wurin mazauna birnin.

Talla mai kyau gajere ne, amma ba ya barin tambaya. Ya kan faɗi iri, da shekara, da mil, da yawan waɗanda suka taɓa mallaka, da ranar ƙarewar gwajin lafiya, sa'an nan ya faɗi aibi. In tanki ya lotsa a ɗauki hoton wurin, in birki na son gyara a rubuta. Doka ma tana bayan haka. Ko da ya ke ba a ɗora wa mai sayar da kayansa irin nauyin da aka ɗora wa ɗan kasuwa ba, duk da haka dole ne haja ta dace da yadda aka bayyana ta, kuma dokar hanya ta 1988 ta haramta sayar da abin hawan da bai cancanci hawa titi ba, sai fa in an bayyana cewa don gyara ne ko don a cire kayansa. Masu sauraro da suka yi karatun fiƙihu za su tuna cewa malamai ma sun ba mai saye zaɓin mayar da haja in ya tarar da aibin da aka ɓoye masa.

Sai dai gaskiya a talla ba ta nufin a tona asirin gida. Babur abu ne da mutum biyu ko uku za su iya ɗagawa su jefa a bayan mota cikin minti ɗaya, kuma ɓarayi ma suna karanta talla. Hoton da ya nuna lambar gida, ko sunan titi, ko ƙofar gareji, ya zama jagora gare su. Haka nan hukumar DVLA ta sha gargaɗin kada a sa hoton takardar rajista a intanet, domin da lambobin da ke kanta a ke yi wa babur ɗin sata takardun bogi. Ranar da mai saye zai zo, ya kyautu a ce da rana ne, akwai kuma wani ɗan'uwa ko aboki a wurin.

Babu inda hankali ya fi tashi kamar lokacin da baƙo ya ce zai ɗan zaga ya ji lafiyar injin. Buƙatarsa tana kan hanya, domin ba a cinikin biri a sama. Amma a mota mai sayarwa ya kan zauna a gefe, a babur kuwa sai dai ya tsaya yana kallon dukiyarsa ta sha kwana. Bugu da ƙari, wanda ya ba wani abin hawa alhali ba shi da inshora, shi ma ya yi laifi a dokar Birtaniya, za a iya cin sa tara a kuma yi wa lasinsa maki 6 zuwa 8. In kuwa baƙon bai dawo ba, kamfanonin inshora da yawa ba sa biya, tun da mai shi ne ya miƙa makulli da hannunsa. Saboda haka al'adar da masu babura suka bi ita ce, a ga lasin, a ga shaidar inshora, a kuma riƙe kuɗin babur cif a hannu kafin a ba da makulli, da sharaɗin in ya faɗi da shi, ya saya ke nan.

A wajen biya ne 'yan damfara suka fi baje kolinsu. Wani zai aiko da saƙo ya ce yana ƙasar waje, ya yarda da farashi ba tare da ya taya ba, zai turo mai ɗaukar kaya, sai dai a taimaka a biya ladan ɗauka tukuna. Wani zai aiko da caki da ya fi kuɗin babur, ya ce kuskure ne a mayar masa da rara, bayan 'yan kwanaki banki ya ce cakin na jabu ne. Wani kuma zai tsaya a ƙofar gida ya nuna fuskar wayarsa, wai kuɗi sun tafi. Masu sauraro a Kano da Ankara sun san irin wannan saƙon banki na bogi. Maganinsu duka guda ne: babur ba ya barin gida sai mai shi ya buɗe asusunsa da kansa ya ga kuɗin sun zauna. Tun 2008 bankunan Birtaniya su ke da hanyar tura kuɗi da ke isa cikin ɗan lokaci, saboda haka mai saye na gaskiya ba zai ƙi jira ba. Wanda ya yi tayin da ya wuce hankali, ko ya cika gaggawa, a tuna cewa kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Karɓar kuɗi ba shi ne ƙarshen aiki ba. A rubuta rasiɗi biyu masu ɗauke da rana, da sa'a, da farashi, da lambar babur, kowa ya sa hannu ya riƙe ɗaya. A ba mai saye koren ɓangaren takardar rajista, a kuma sanar da DVLA nan take. Wanda ya yi sakaci, duk tarar gudu da ta ajiye babur ba daidai ba shi za ta riƙa zo wa, har ma kotu na iya cin sa tarar da ta kai fam 1,000. Tun 1 ga Oktoba 2014 harajin hanya ba ya bin babur zuwa ga sabon mai shi. Ana mayar wa tsohon mai shi kuɗin cikakkun watannin da suka saura, sabon kuwa ya biya nasa kafin ya hau. Daga ƙarshe a sanar da kamfanin inshora a ranar, domin in aka bar sunan mutum a kan babur ɗin da wani ke hawa, aka kuma yi haɗari, maganar na iya dawowa kansa.

Dokokin da aka ambata na Birtaniya ne, kowace ƙasa kuwa da nata, saboda haka mai sauraro a Jidda ko Yawunde ko Niyok sai ya tambayi yadda a ke canja suna a inda ya ke. Amma tushen abin ɗaya ne ko'ina. La'adar da a ke ba dillali ladan shaida ce da tsayawa tsakani, kuma wanda ya zaɓi ya riƙe ta a aljihunsa, sai ya tanadi takardunsa, ya faɗi aibin hajarsa, ya kuma yi haƙuri har kuɗi su shiga hannu. Allah ya ba da sa'ar ciniki. A huta lafiya.