TAKUNKUMIN DA AKA SA WA NIJAR: WA YA JI A JIKINSA?

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyarmu a Dutse)



Kwamitin shirya wannan taro ya nemi in yi magana a kan takunkumin tattalin arziki da ake sa wa mutanen da suka dagula zaman lafiyar siyasar wata ƙasa. Kamar yadda kuka sani, ni ma'aikacin gwamnati ne, saboda haka ina roƙo a ɗauki abin da zan faɗa a matsayin ra'ayina ni kaɗai. Ba wanda ya aiko ni.

Kalmar kanta ta ishe mu darasi. Takunkumi a asalin Hausa shi ne abin da ake ɗaura wa dabba a baki don kada ta yi cizo ko ta yi ɓarna a gonar mutane. Wato dabbar da ta yi laifi ita ake ɗaura wa, ba a ɗaura wa garke duka. To, a siyasar duniya iri biyu ne. Akwai wanda ake sa wa ƙasa ɗungurungum, a rufe mata iyaka, a hana ciniki da ita. Akwai kuma wanda ake sa wa mutane da sunayensu: a rubuta jerin sunaye, a aika wa bankuna su riƙe kuɗinsu, a aika wa jami'an shige da fice su hana su shiga, a kuma gargaɗi 'yan kasuwa cewa duk wanda ya yi hulɗa da su zai gamu da hukunci.

Iri na biyun ya yi tashe ne bayan abin da ya faru a Iraƙi. A watan Agustan 1990, bayan Saddam Husaini ya mamaye Kuwait, Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana ciniki da Iraƙi kusan baki ɗaya. Aka yi shekara goma sha uku ana haka. Magani ya yi wuya, yara suka tagayyara, shi kuwa Saddam yana nan daram a fadarsa har sai da Amurka ta kawar da shi da yaƙi a 2003. Daga nan ne masana da jakadu suka fara cewa gara a nemi mai laifin a matsa masa shi kaɗai.

Malamanmu da ke zaune a nan za su tuna mu ma an taɓa ɗana mana. Yawancinmu muna ƙanana lokacin. Bayan an rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas ranar 10 ga Nuwamba, 1995, ƙungiyar ƙasashe renon Ingila ta dakatar da Nijeriya, ƙasashen Turai suka hana sayar mana da makamai, suka hana manyan sojoji da iyalansu izinin shiga. Amma ba su daina sayen manmu ba, duk da Nelson Mandela ya yi kira da a daina. Janar Abacha bai sauka ba sai da ajali ya cim masa a watan Yunin 1998. Sai dai manomin Jahun ko na Kiyawa bai rasa abincin dare saboda wannan takunkumi ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Akwai kuma inda abin ya yi aiki, a nan yammacin Afirka, kuma ba a cika ambatonsa ba. A ƙasar Gini Bisau an daɗe ana ja-in-ja tsakanin Shugaba José Mário Vaz da jam'iyyar da ke da rinjaye a majalisa, har majalisar ta daina zama. An sa hannu a wata yarjejeniya a Konakiri a 2016, amma aka ƙi aiki da ita. A watan Fabrairun 2018 ƙungiyar ECOWAS ta fito da sunayen mutum 19 da ta ce su ne ke hana ruwa gudu, ta hana su tafiye-tafiye, ta ce a riƙe dukiyarsu. Ba ta rufe iyaka ba, ba ta taɓa kasuwa ba. Cikin watan Afrilu aka naɗa firayim ministan da ɓangarorin suka amince da shi, Aristides Gomes, majalisa ta koma zama, a ƙarshen Yuli aka ɗage takunkumin. Ba ina cewa Gini Bisau ta warke daga nan ba, domin rikicinta ya sha dawowa. Amma abin da aka nema a lokacin an samu, cikin wata biyu da 'yan kwanaki.

Yanzu bari mu zo gida.

Ranar 26 ga Yuli, 2023, dogarawan fadar shugaban ƙasar Nijar suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum, bayan kwana biyu Janar Abdurahaman Tiani ya bayyana a matsayin shugaba. Ranar 30 ga wata shugabannin ECOWAS, wadda 'yan'uwanmu na can ke kira Sedeyawo, suka taru a Abuja a ƙarƙashin Shugaba Tinubu. Suka ba sojoji mako ɗaya su mayar da Bazoum, in ba haka ba a yi amfani da ƙarfi. Suka rufe iyakokin ƙasa da na sama, suka dakatar da ciniki da hulɗar kuɗi, suka riƙe kuɗin gwamnatin Nijar da ke bankunan yankin. A can ƙasan takardar kuma akwai hana tafiya da riƙe dukiyar hafsoshin da suka yi juyin mulkin, da iyalansu, da farar hular da suka yarda suka yi aiki da su. Cikin 'yan kwanaki Nijeriya ta yanke wutar lantarki, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nijar ke sha daga wajenmu take zuwa.

Ina so a lura da abu guda. Lokacin da aka sa wa Mali irin wannan takunkumi a watan Janairun 2022, an ware abinci da magunguna da man fetur da wutar lantarki, an ce su a bar su su wuce. A na Nijar ba a ware komai ba. Manyan motoci suka yi jerin gwano a Malanbil, bakin iyakar Binin, ɗauke da kayan abinci da magani, har da na agaji, suka yi makonni a tsaye. A watan Oktoba gwamnatin sojan ta rage kasafin kuɗin shekarar da kashi 40 cikin 100. To, wa kuke jin aka rage wa? Shin an taɓa jin gwamnatin soja ta fara tsuke bakin aljihu daga bariki?

Mu a Jigawa ba labari muka ji ba. Duk wanda ya san kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis ya san rabinta Nijar ce. Shanu da raƙuma da tumaki daga Dungas da Magarya da Damagaram suke shigowa, tare da wake da kanwa da dabino. Daga nan kuma gero da masara da kayan masarufi su fita. Abin da aka sauke a Maigatari shi ne ake gani a Gujungu, a gan shi a Shuwarin, ya ƙare a tukunyar gidajenmu a nan Dutse ko a bayan tirela zuwa Legas. Da aka rufe iyaka, kara ta yi fayau. Dillali ba la'ada, ɗan kamasho ba lodi, mai dako da mai sayar da abinci da ɗan canji duk suka koma zaman jiran tsammani. Kuma kada mu manta wannan ya zo ne wata biyu kacal bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, lokacin da kuɗin mota ya riga ya ninka, Naira kuma tana ta faɗuwa.

Ba wai cinikin ya tsaya cak ba. Iyakar da ta fi kilomita 1,500, wadda gonar mutum ɗaya kan ratsa ta, ba a rufe ta da sanarwa a rediyo. Mun riga mun gwada daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, mun ga iyakar abin. Kaya sun koma bin ɓarauniyar hanya, a kan babura da amalanke, da dare. Kowane shinge da kuɗinsa, kuma duk abin da aka biya a daji a kan mai saye yake ƙarewa. Wanda ya saba bin doka shi ya yi asara, wanda ya san daji ya samu sana'a. Ban da zumunci: mutanen Babura da Maigatari da Gumel nawa ne ke da 'ya ko uwa a tsallake, da biki da jana'iza?

Su kuwa waɗanda aka yi abin dominsu fa? A nan ne nake ganin lissafin ya ɓaci. Riƙe dukiya na cizon wanda ke da ajiya a waje, hana tafiya na damun wanda ke son fita. 'Yan siyasar Gini Bisau irin waɗannan ne, kuma abin da aka nema a wurinsu ƙarami ne, wato su yarda da firayim minista. Hafsan da ya riga ya kifar da gwamnati kuwa ya san idan ya miƙa wuya kotu ce ke jiransa, ko abin da ya fi kotu. Ba za ka ce wa mutum ya zaɓa tsakanin asusunsa na banki da wuyansa ba, sannan ka yi mamakin zaɓin da ya yi. Daɗin daɗawa, duhun da aka jefa Yamai da Maraɗi da Damagaram a ciki ya ba sojojin abin da ba su da shi a ranar farko, wato abokin gaba na waje da za su nuna wa jama'a. Mutanen da ba su damu da Tiani ba suka fito filin wasa suna yi masa tafi, saboda haushin masu kashe musu wuta.

Kada wani ya fahimce ni a baibai. Juyin mulki ɓarna ne. Bazoum zaɓaɓɓe ne, kuma rantsar da shi a watan Afrilun 2021 shi ne karo na farko a tarihin Nijar da zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa zaɓaɓɓe mulki. Nijar da hannunta ta amince da yarjejeniyar dimokuraɗiyya ta ECOWAS da aka ƙulla a Dakar a 2001, wadda ta haramta karɓar mulki da bindiga. Bayan Mali da Gini da Burkina Faso, in da ƙungiyar ta yi shiru a karo na huɗu, da ta zama abin dariya. Wanda ya ce a yi wani abu yana da gaskiya. Maganata a kan abin da aka zaɓa ne, da wanda aka ɗora wa nauyinsa.

Kuma mu duba waɗanda suka iya buɗe ƙofa. Tawagar farko ta Janar Abdulsalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi ba ta wuce filin jirgin saman Yamai ba. Wanda ya fara ganin Tiani ido da ido daga wajenmu shi ne Khalifa Muhammadu Sanusi II, tare da Sarkin Damagaram, ranar 9 ga Agusta, sai kuma tawagar malamai a ƙarƙashin Sheikh Bala Lau. Sanatocin Arewa ma suka ce ba su yarda da yaƙi ba. Wato zumuncin nan da rufe iyaka ya raunata, shi ne dai aka koma ana lallaɓa don a samu a yi magana.

Ƙarshen lamarin kun san shi. A watan Satumbar 2023 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kafa ƙawancensu na Sahel. Ranar 28 ga Janairu, 2024, suka ba da sanarwar ficewa daga ECOWAS. Ranar 24 ga Fabrairu, bayan kiran da Janar Yakubu Gowon ya yi, shi da aka kafa ƙungiyar a zamaninsa a 1975, shugabanni suka sake taruwa a Abuja suka ɗage takunkumin, suka ce don jin ƙai ne, ga azumi ya gabato. A watan Maris aka buɗe iyakarmu. Ba a mayar da Bazoum ba. A watan Janairun 2025 ficewar ƙasashen uku ta tabbata, a watan Maris na shekarar kuma aka rantsar da Tiani na wa'adin shekara biyar. Wata bakwai na wahala, kuma ko ɗaya daga cikin abin da aka nema ranar 30 ga Yuli ba a samu ba.

Abin da ya sa wannan ya shafe mu fiye da tarihi shi ne, arzikin jihar nan a ɗaure yake da Arewa da mu. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, da aka aza harsashinsa a 2021, ta Kazaure ya bi, kuma yana da reshe da zai zo nan Dutse. An yi shi ne da tsammanin kayan Nijar za su bi ta ƙasarmu zuwa teku. A lokacin takunkumin kuwa 'yan kasuwarsu sun koyi bin Lome ta cikin Burkina Faso, da rakiyar sojoji, duk da nisa da haɗari. Ɗan kasuwar da ya ga an taɓa rufe masa ƙofa dare ɗaya zai daɗe yana tunani kafin ya sake zuba jarinsa duka a bayanta.

A cikinmu akwai lauyoyi, akwai ma'aikatan kwastan, akwai masu rubuta wa manya takardun shawara, wataƙila gobe a samu ɗan majalisa. Idan irin wannan takarda ta biyo ta teburin ɗayanmu, ina roƙon ya tambaya: sunayen su wa ke ciki, kuma suna da abin da za a riƙe? An ware abinci da magani da wuta? Abin da ake nema, mai laifin zai iya bayarwa ya tsira da ransa? Sannan yaushe za a zauna a duba ko abin na aiki?

Ina kuma ba shugabannin ƙungiya shawara, a taro mai zuwa a gayyato dillalan kara da direbobin hanyar Maigatari su zo su faɗi da bakinsu yadda watannin nan bakwai suka kasance, a buga a mujallarmu. Sun fi ni sanin farashin sa da na buhun wake kafin rufewa da bayanta.

Shugaban taro, na ga kana duban agogo.