Kafin ka kira mai ɗinkin rigar yaye, duba fotal ɗinka

Yau magana ce da ɗalibai, musamman 'yan'uwanmu na Lambara, Boɗinga da Shagari da ke karatu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Jami'ar Jihar Sakkwato. Tambayar ita ce: ka san yunit nawa ya rage maka kafin ka gama digiri? Ka tabbata, ko dai zato kake?

Duk shekara sai an samu wanda ya rubuta jarrabawar ƙarshe, abokai sun yi masa rubutu a riga, gida an fara shirin walima, sai jerin sunayen da majalisar jami'a ta amince da su ya fito babu nasa. Dalili? Wani kwas na GST tun aji ɗaya da ya faɗi, bai sake rajistarsa ba. Yunit 2 kacal, amma ya ci masa shekara guda.

To ga yadda lissafin yake. A ƙa'idar NUC, digirin shekara 4 yana buƙatar aƙalla yunit 120 ga wanda ya shigo ta jarrabawar JAMB, 90 kuma ga wanda ya fara daga aji biyu da NCE ko difloma. Aƙalla fa na ce. Sashenka na iya neman fiye da haka, kuma cika adadi bai wadatar ba sai ka ci dukkan kwasa-kwasan dole.

Sai maganar CGPA. A ma'aunin maki 5, A tana da 5, B 4, C 3, har zuwa F da ba ta da komai. Kana ninka makin da yunit ɗin kwas. Misali, kwas mai yunit 3 ka samu A, 15 ke nan. Mai yunit 2 ka samu C, 6. Wani mai yunit 3 ka faɗi, sifili. Jimla 21, ka raba da yunit 8, ya ba ka 2.63. Kun gani? Kwas ɗin da ka faɗi bai ba ka komai ba, amma yunit ɗinsa yana cikin abin da ake rabawa da shi. Shi ya sa kariyoba ɗaya ke jan mutum ƙasa sosai. Kuma iyakokin a bayyane suke: daga 4.50 daraja ta ɗaya, daga 3.50 ta biyu babba, daga 2.40 ta biyu ƙarama.

Yanzu me za ka yi? Duk ƙarshen zango ka shiga fotal ɗin makaranta da kanka. Kar ka bar wa mai kafe lambar sirrinka ya yi maka rajista yadda ya ga dama. Ka buɗe littafin sashenku, ka jera kwasa-kwasan dole a takarda, ka riƙa soke wanda ka ci. Wanda ka faɗi, shi za ka fara sakawa a rajista, don akwai iyakar yunit da ake ɗauka a zango. Ka sauke fom ɗin rajista da sakamako, ka buga, ka adana. Ranar da maki ya ɓata, takardar nan ce shaidarka.

Idan ka ga gurbin maki babu komai, kar ka ce zai gyaru da kansa. Kuɗin mota daga Lambara zuwa Sakkwato ya fi kuɗin rajistar wata shekara sauƙi. Je ka ga kodinetan ajinku ko jami'in jarrabawa tun malamin kwas ɗin yana tuna ka. Fotal na nuna abin da aka shigar masa ne kawai, gyara kuwa sai mutum.

Abu na ƙarshe, ka duba sunanka a jerin ɗaliban da JAMB ta tabbatar da gurbinsu, a shafinta. In babu shi, NYSC ba za ta kira ka ba. Kuma wanda ya haura shekara 30 lokacin kammalawa, takardar yafewa ake ba shi, ba kaki ba. Ka ga shekara ɗaya ta jinkiri ba wasa ba ce.

Da muguwar rawa gara ƙin tashi, in ji Hausawa, amma nan tashin dole ne: yau ɗin nan ka buɗe fotal, ka ƙirga. Ka tura wa ƙanenka ko ƙanwarka da ke aji ɗaya. Allah Ya ba da sa'a, sai mun haɗu a shiri na gaba.