DAGA BENCIN AJI ZUWA KUJERAR ALƘALI: JAWABI A TARON SHEKARA NA ƘUNGIYA

Shugaban taro, iyayenmu malamai, 'yan'uwa tsofaffin ɗalibai, da ƙannenmu da ke aji yanzu.

An nemi in yi magana kan yadda mutum ke zama alƙalin Babbar Kotun Tarayya. Zan fara da misalin da ke kusa da mu, wato marigayi Mai Shari'a Mamman Nasir, Galadiman Katsina, Hakimin Malumfashi, maƙwabcinmu.

An haife shi a 1929. Ya yi Kwalejin Kaduna, sannan ya tafi Ingila ya karanta aikin lauya. Da ya dawo ya zama lauyan gwamnati, ya riƙe Ministan Shari'a na Jihar Arewa daga 1961 zuwa 1966. A 1975 aka naɗa shi alƙalin Kotun Ƙoli, a 1978 kuma Shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara, har zuwa 1992. Allah Ya yi masa rasuwa a 2019. Ku lura, sai da ya kusa shekara 20 yana aikin lauya kafin ya hau kujerar alƙali.

Yau ma hanyar tana da tsawo. Shekara 5 a jami'a, shekara 1 a Makarantar Horar da Lauyoyi. Tsarin Mulki na 1999 ya ce ba a naɗa mutum alƙalin Babbar Kotun Tarayya sai ya cika shekara 10 da zama lauya. Majalisar Harkokin Shari'a ta Ƙasa ce ke miƙa sunansa, Shugaban Ƙasa ya naɗa.

To, me ya shafe mu? Wannan kotu ce ke sauraron shari'o'in ta'addanci. Ba mu manta da watan Disamba na 2020 ba, lokacin da aka sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara. Manoman Faskari da Sabuwa kuwa sun san abin da rashin tsaro ya yi wa gonakinsu. Al'ummar da ta sha wannan wuya ta cancanci ganin 'ya'yanta cikin masu yanke hukunci.

Saboda haka ina roƙon ƙungiya ta ɗauki nauyin yara biyu, namiji da mace, su karanta shari'a har ƙarshe. Ku kuma ƙannena, ku riƙe Turanci da Adabi da kyau, ku tsare mutuncinku, domin ana bincika halin mutum kafin a naɗa shi.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu zaman lafiya.