Saƙo Ɗaya Ya Kori Annabi Zuwa Jeji

Karatunmu na yau yana cikin Littafin Sarakuna na Fari, sura 19. Wanda yake da Littafi Mai Tsarki kusa, sai ya buɗe.

Annabi Iliya ya tsaya a kan Dutsen Karmel gaban annabawan Ba'al 450, wuta ta sauko daga sama, jama'a suka fāɗi rubda ciki. Ba a jima ba sai ga manzon Yezebel da saƙo ɗaya tak, cewa kafin gobe za ta kashe shi. Mutumin da taro bai razana shi ba, sai ya tashi ya gudu har Biyer-sheba, ya bar baransa a can, ya nausa jeji shi kaɗai, ya zauna gindin wani itace, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa.

Yezebel sai da ta nemi manzo. Mu kuwa manzon yana cikin aljihunmu, yana kwana ƙarƙashin matashinmu. Tun da wayar salula ta bazu a Nijeriya daga shekarar 2001, sa'an nan Facebook da WhatsApp da TikTok suka biyo baya, babu sa'ar da saƙo ba ya iya shigo mana har ɗaka. Ban ce waya mugun abu ba ce. Wasunku ma ta waya kuke jin muryata yanzu.

Amma akwai wata yarinya cikin mawaƙanmu da ta daina zuwa sujada. Iyayenta suka ce lalaci ne, wata gwaggonta ta ce iskoki ne. Da matata ta zauna da ita, ashe hotonta aka sa a wani zauren WhatsApp na 'yan makarantarsu, ana ta yi mata ba'a. Kowane dare takan karanta maganganun nan, ta sāke karantawa, har asuba. Ta daina cin abinci. Ta gaya wa matata cewa gara ma ba a haife ta ba. 'Yan'uwa, ashe wannan ba kukan Iliya ba ne?

Masu waɗannan kamfanoni sun san abin da suke yi. Da talla suke samun kuɗi, saboda haka muddin idonka yana kan waya, riba tana shiga. Shi ya sa shafin ba shi da ƙarshe, kana ja yana ƙaruwa. A shekarar 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fito da takardun cikin gida da suka nuna kamfanin ya san Instagram yana sa waɗansu 'yan mata ƙin jikinsu. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka ya yi gargaɗi cewa matasan da suke wuce awa 3 a rana a irin waɗannan shafuna, hatsarin damuwa da baƙin ciki yana ninkuwa a kansu. A 2024 majalisar Ostareliya ta kafa dokar hana yara 'yan ƙasa da shekara 16 riƙe shafi a wuraren nan.

To, ku dubi abin da Allah ya yi da bawansa. Bai tsauta masa ba. Bai ce masa ina bangaskiyarka ba. Ya bar shi ya yi barci. Mala'ika ya tashe shi, ya ba shi abinci da ruwa, ya sāke kwantawa, aka sāke ciyar da shi. Barci da abinci tukuna, magana daga baya. Mu fastoci mukan juya abin, mu fara da wa'azi. Ni kaina na yi shekaru ina duba waya kafin in buɗe baki in gai da Ubangiji da safe, har sai da na mai da ita falo take kwana.

Da ya kai Horeb, iska mai ƙarfi ta wuce, da girgizar ƙasa, da wuta, amma Ubangiji ba ya cikinsu. Cikin wata 'yar murya marar ƙarfi ya zo. Yaya mutum zai ji irin wannan murya, alhali wayarsa ba ta yin shiru?

Iliya ya ce shi kaɗai ya ragu. Allah ya ce akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, ya kuma aike shi wurin Elisha, mutum mai jini da nama wanda zai riƙa tafiya tare da shi. Yarinyar nan ma haka muka yi. Mata biyu daga zumunta suka riƙa zuwa gidansu, muka kuma kai ta wurin likita. Ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini, zuwa asibiti ba rashin bangaskiya ba ne. Ta komo cikin mawaƙa, ko da yake har yanzu akwai ranakun da ba ta iya fitowa.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ga wanda yake jinmu yanzu, wanda bai runtsa ba daren jiya saboda abin da ya karanta. Ka ba shi barci yau. Ka aiko masa da wanda zai ƙwanƙwasa ƙofarsa. Cikin sunan Yesu, Amin.