Yaro Mai Amosanin Jini

Yau maganarmu a kan ciwon nan ne da a ke kira amosanin jini, ko sikila.

Za ku ga jariri ya kai wata 6 lafiya lau, sa'an nan hannuwansa da ƙafafunsa su kumbura, ya yi ta kuka ba dare ba rana. Ido ya yi rawaya, girma ya ƙi. Sai a ce mayu ne, ko a ce uwar wabi ta ke yi. To, ba haka ba ne. Ciwon gado ne, kuma ba ya kama yaro sai uwa da uba duka suna ɗauke da irinsa, ko da su kansu lafiyarsu ƙalau. A Nijeriya kusan mutum 1 cikin 4 yana ɗauke da irin. Saboda haka, maigida, kada ka ɗora wa matarka laifi, rabin abin daga gare ka ya fito.

Ga yadda ciwon ya ke. Ƙwayar jini ta mai lafiya tana da laushi, tana yin kwana 120. Ta wannan yaro kuwa takan lanƙwashe kamar lauje, ta maƙale cikin ƙananan jijiyoyi, shi ne azabar da ya ke ji a ƙashi. Da ƙyar ta ke wuce kwana 20, don haka kullum jininsa kaɗan ne. Kun ga ashe wanda ya kai shi wurin wanzami a yi masa ƙaho ko tsaga, ɗan abin da ya rage ya ke zubarwa.

Abin da ke ta da ciwon shi ne ƙishirwa, da sanyi, da zazzaɓi, da aikin wahala. Ku riƙa ba shi ruwa mai tsabta a kai a kai, kada ku jira sai ya roƙa, tun ba lokacin bazara ba. Da hunturu a lulluɓe shi, a yi masa wanka da ruwan ɗumi. Ya kwana cikin gidan sauro kowane dare. Kada a tura shi kiwo da tsakar rana, ko ruwan sama ya dake shi. Amma fa a bar shi ya je makaranta, kansa lafiya lau ya ke. A yi masa rigakafi duka, ƙwayoyin da likita ya rubuta kuma a ba shi kullum, ko yana cikin wasa.

Yanzu sai ku kasa kunne da kyau. Zazzaɓin wannan yaro ba ya jiran gari ya waye. In jikinsa ya yi zafi, ko tafin hannunsa da leɓɓansa suka yi fari, ko numfashi ya yi sauri, ko gefe guda na jikinsa ya saki, ku ɗauke shi nan da nan. Ke uwa, ki roƙi malamin asibiti ya nuna miki inda saifa ta ke, ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. Ranar da kika ji ta kumbura farat ɗaya, to, jini ne ya taru a ciki, ƙarin jini ya ke bukata, kuma sai babban asibiti.

Mun san ƙauye da nisa, mota kuma ba kullum ba. Ku ajiye kuɗin tafiya daban, ku kuma shirya da mai babur tun yaro yana lafiya. In kun zo ɗakin shan magani, ku tambayi inda a ke awon jini, a auna ƙannensa su ma.