Gardamar Masu Sauraron Waƙoƙin Fada: Jawabi ga Ɗaliban Gwandu da Kalgo

 

Duk wanda ya zauna majalisar dattawa a Gwandu ko Kalgo bayan sallar isha'i ya san gardamar nan da ba ta ƙarewa: tsakanin Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, wa ya fi? Na Narambaɗa su ce ai zurfin magana da azanci nasa ne, su kafa hujja da Bakandamiya. Na Ɗanƙwairo su ce a saurari yadda 'yan amshinsa ke karɓe baiti daga bakinsa su ƙarasa, kotso bai kuskure ba. Can wani tsoho ya gyara zama ya ce duk yara ne a gaban Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, wanda ya rasu a 1973.

Kada ku ɗauka ɓata lokaci ne. Mutanen Italiya haka suke da wasanninsu na waƙa da ake kira opera. A shekarun 1950 masu zuwa gidan La Scala na birnin Milan sun rabu biyu, wasu na Maria Callas, wasu na Renata Tebaldi. Sai dai su, in sun ɗauko faifai, akwai shekarar da aka ɗauki waƙar, da sunan kowane mawaƙi, da na jagoran makaɗa. A nan suka bar mu.

Mu kuwa sau da yawa muna gardama ne alhali ba abu ɗaya muka saurara ba. Makaɗin fada ba ya rera waƙa iri ɗaya sau biyu. In sarki yana zaune sai ya tsawaita kirari, in ya hangi wani basarake da ya yi masa rowa sai ya sako zambo, a ɗakin rediyo kuma ya taƙaita. Faifan garmaho na da bai fi ɗaukar minti uku ko huɗu a gefe ɗaya ba, ka ga dole a datse waƙa. Kaset ya zo ya ba da sarari, amma aka yi ta kwafe shi daga wannan zuwa wancan har murya ta dusashe. Yanzu an juye su cikin wayoyi, wani lokaci har da sunan mawaƙin da ba shi ya yi ba. To, wanda ya ji Narambaɗa a irin wannan kwafi, ya ji Ɗanƙwairo, wanda ya kai 1991 a raye aka ɗauke shi da na'urori masu kyau, ina adalcin hukuncinsa?

Ni ra'ayina, a fagen magana Narambaɗa ne gaba, amma a tsarin ƙungiya ban ji wanda ya kamo Ɗanƙwairo ba. Abin takaici, 'yan amshin da suka ɗauki rabin aikin, kaɗan ne a cikinmu za su iya kawo sunan ko biyu daga cikinsu.

Ga inda kuka shigo. Hausar waƙoƙin nan ta yamma ce, irin wadda kuka sha a nono. Kalmar da mai rubutu daga Kano zai ji ta karkace, ku kuna jin ta sarai. In kun koma gida hutu, ku roƙi iyaye su buɗe akwatunan kaset kafin zafi da ƙura su gama da su. Ku tambayi mai kaset inda ya samo shi, da shekarar, da wanda aka yi wa waƙar, da masu amshi in ya sani. Ku rubuta a takarda, ku juye muryar, ku mayar wa mai abu abinsa, kwafin kuma ku kai Sashen Harsunan Nijeriya na jami'arku.