Daga Ɗakin Bincike Zuwa Kasuwar Funtuwa
Jawabin baƙo mai jawabi a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai



An nemi in yi magana a kan binciken da malaman manyan makarantu ke yi har su ci gasa a ba su lambar yabo, da kuma abin da manomin Funtuwa da Malumfashi zai ƙaru da shi. Zan kawo misali uku.

Na farko shi ne Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa, a Dutse. Ya sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, ya zuba jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan yana bushewa yana tafiya da zafi, abin da ke ciki yana yin sanyi. Yalon da kan lalace cikin kwana 3 sai ya kai kwana 27. A shekarar 2000 kamfanin Rolex ya ba shi kyautar dala 75,000, ya kuwa yi amfani da ita wajen yaɗa tukwanen a ƙauyuka.

Na biyu shi ne Farfesa Gebisa Ejeta, mutumin Habasha, malami a Jami'ar Purdue ta Amurka. A 2009 ya karɓi Kyautar Abinci ta Duniya saboda ya samar da irin dawa mai jure fari da ƙuduji. Duk wanda ya taɓa ganin ƙuduji ya tsuke masa dawa ya san darajar wannan aiki.

Na uku shi ne buhun PICS, wanda shi ma daga Purdue ya fito. Leda biyu ne a ciki, buhu ɗaya a waje. In an ɗaure kowanne tam, iska ta ƙare, ƙwarin wake su mutu ba tare da an zuba magani ba. Daga 2007 aka shiga yaɗa shi, wani kamfani a Kano ya riƙa buga shi, 'yan kasuwa suka kai shi rumfuna. Manomi ya samu damar riƙe wakensa har ya yi daraja, maimakon ya zubar da shi da kaka.

Jama'a, ku lura da abu guda. Cikin ukun nan, buhun ne ya fi shiga gidajenmu, domin an samu mai bugawa da mai sayarwa. Lambar yabo kan tsaya a bangon ofis in ba a samu mai jari ba.

Mu kuwa rijiya na bakin ƙofarmu. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ta samo asali tun 1922, ita ta fitar da irin auduga SAMCOT da masara SAMMAZ da wake SAMPEA. Daga Funtuwa zuwa Zariya ba tafiyar wuni ba ce. Amma har yau tumatirin Danja da Ƙafur kan ruɓe in kasuwa ta cika.

Saboda haka ina ba ƙungiya shawara biyu. Mu sa gasa kowace shekara ga yaranmu da ke Jami'ar Ahmadu Bello da ta Dutsin-Ma, wanda ya kawo dabarar busar da tumatir ko adana hatsi a ba shi kyauta. Sannan attajiran cikinmu su ɗauki dabarar da ta ci, su zuba jari, su gwada ta a gonakinsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya jiƙan malamanmu da suka riga mu, ya ba mu damina mai albarka, amin.